Sanyin Ɗakin Saba

A ofishinmu na Boɗinga, kullum da azahar sai ma'aikatan reshen Shagari su kasa shiga sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu. Mako guda ina bin saurin rumbun ajiyar bayanai, ina rubutawa da ajami. Na bugi ƙirji gaban oga cewa fayafayan sun tsufa, a sauya su.

Sai Baba maigadi ya ce, “Mallam, ba kai ka kashe esin ɗakin ga in za ka masallaci ba?”

Ni ne kuwa ke kashe na'urar sanyaya ɗakin sabar. Ashe zafi ke kasalar da rumbun. Amma sanyaya ɗakin da ba kowa almubazzaranci ne, kuma ban janye wannan ra'ayin ba.

Har yau ko wayar wani ta tsaya, sai Baba maigadi ya leƙo: “Mallam ya tai salla ne?”