Ramin Baba a Doguwar Kujera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake Yaya na tsaye a kansa yana cewa babu wanda ya mutu, Auta na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar doguwar kujerar falo, ruwan ƙasa, mai cin mutum uku, wadda aka fi sani da Kujerar Baba. Ta rasu ranar Laraba a shagon mai gyaran kujeru, tana da shekara ashirin da shida a gidan. Yaya ya ce gyara aka yi mata, kuma wanda bai iya godiya ba ai ya iya shiru. Auta ya ce ya ji. Ya ci gaba da rubutu.

Marigayiyar ta girmi Auta da shekara bakwai. Ba kyakkyawa ba ce. Hannunta na dama ya yi baƙi saboda shafa, ƙafarta ɗaya bulo ce. Amma mai haƙuri ce. Shekara ashirin da huɗu tana ɗaukar Baba, mutumin da ma'aunin asibiti ya shaida kilo ɗari da ashirin ne, ba ta taɓa kai ƙara ba, in ban da ƙiiiƙ idan ya zauna, da fuuu idan ya tashi. A tsakiya yake zama, tun yana aikin gidan ruwa har ya yi ritaya. Sannu a hankali tsakiyar ta lotsa, ta zama rami.

Duk abin da aka ajiye a kanta, wajen Baba yake tafiya. Rimot, biro, lemo, makullin babur ɗin Yaya. Baƙo ya zauna a gefe da kamun kansa, kafin a gama gaisawa kafaɗarsa ta haɗu da ta mai gida. Umma a hagu take zama da ɗinkinta. Ko faɗa suka yi da safe, ta matsa can ƙarshe ta kau da kai, kafin rediyo ya gama labarai ta zame ta jingina da shi. Sai ta ce kujerar ce. Baba ya ce shi dai bai kira kowa ba.

Auta ya faɗi fiziks a jarrabawar fita, amma darasi ɗaya ya zauna masa. Malam Dogo ya sa ɗalibai huɗu suka ja zanen gado ta kusurwoyinsa har ya miƙe. Ya ɗora dutse a tsakiya, zanen ya lotsa. Ya saki ƙwallon tebur daga gefe, ta kewaya, ta kewaya, ta faɗa jikin dutsen. Ya ce misali ne kawai, amma a riƙe wannan: babu igiya tsakanin rana da duniya. Abu mai nauyi lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi yake yi, sauran abubuwa su bi hanyar da ta lanƙwashe, su a ganinsu miƙe suke tafiya. Ko haske bai tsira ba. Ya ce lokaci ma haka: kusa da nauyi a hankali yake tafiya, agogon ƙasan bene yana bayan na sama da ɗan abin da ido ba zai taɓa kamawa ba. Aji ya yi dariya. Auta bai yi ba. Ya san tsawon minti biyar kusa da Baba ranar da aka kawo sakamako.

Daga ƙarshe Malam ya ɗauke dutsen, zanen ya koma shimfiɗe. Ya ce in nauyi ya tafi, lanƙwasa ta tafi.

A nan ne marigayiya ta saɓa wa Malam. Baba ya rasu shekara biyu ke nan, Allah ya jiƙansa. Ramin bai tashi ba. Babu wanda ya zauna a ciki, ba don an hana ba. Rimot ya ci gaba da gangarawa. Umma ta ci gaba da zama a hagu kowace yamma, tana zamewa kaɗan-kaɗan har ta karkata a kan babu kowa, ta daɗe a haka, allura a hannu. Auta yana ganin ta daga bakin ƙofa.

Jinyar gajera ce. Surukan Yaya za su zo, ya ce mutum ba ya sauke surukai a kwari, kuma kujerar nan ce ke sa wa Umma ciwon baya. Ranar Litinin, Umma na gidan ƙanwarta, ya kira mai gyara. Auta ne ya kama ɗayan gefen aka fitar da ita. Ya zaci ƙafar kawai za a gyara. Bai tambaya ba.

Mai gyara ba shi da laifi, ya san aikinsa. Ya zare tsohon soso, ya sa sabo, ya ɗinke. Ya bugi tsakiyar da tafin hannu ya ce yanzu ko giwa ta zauna ba za ta bar sawu ba.

Ranar Alhamis Umma ta dawo. Ta sa wa Yaya albarka. Ta zauna a hagu. Rediyo ya fara labarai, ya gama, tana nan a miƙe kamar mai jiran likita. Dunƙulen zaren da ta ajiye a gefenta yana inda ta ajiye shi. Ta dube shi. Ta ɗan ture shi da yatsa, ya juya sau ɗaya ya tsaya. Kujerar ba ta ce komai ba. Umma ta tattara ɗinkinta. Tun ranar a kicin take zama, kan kujerar roba.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙananan kujeru biyu, da teburin tsakiya, da bulo ɗaya marar aikin yi, da wata baƙuwa mai kama da ita a falo. A cikin marigayiyar an samu cokali biyu, matajin Baba, gilashin karatunsa da aka zargi kowa da ɓatarwa, da allura goma sha ɗaya.

Gawar, wato tsohon soson, Auta ya tsinto ta a bayan shago. Tana jingine da katangar bayan gida, ramin na nan yadda yake. Yaya ya ce matattarar ƙwari ce, ya ba da wa'adi. Za a fitar da ita ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, idan motar shara ta zo. Za a karɓi gaisuwa a falo. Akwai wurin zama uku, duk daidai suke.

Auta ya ɗauka Umma ba ta san da soson ba. Jiya da yamma ya je ɗauko bokiti, ya same ta a bayan gida, tafin hannunta a cikin ramin. Ba ta juyo ba.

"Auta, motar nan, dole ne ta tsaya a ƙofarmu?"