Ranar da Na Shafa wa Ruɓaɓɓen Tumatir Kore

Ba zan taɓa mantawa da taron da muka yi a ofishinmu na Sokodé ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kamfanin tumatir na Alhaji Isufu nake wa aiki, ni ne shugaban siton Sokodé a lokacin. Akwai wani sito a Adjengré, wani a Langabou, sai na Dapaong da ke hannun Hajiya Mariyama, dattijuwar da har yanzu da biro take rubuta komai a littafi (na daɗe ina mata dariyar wannan a bayan ido, Allah ya yafe mini).

A kakar nan kaya suka yi ta ruɓewa, Alhaji ya ƙule. Ya ce duk siton da ya fi asarar kwanduna, za a cire shugabansa a tura shi kasuwar Nano ya riƙa bin manoma a kan babur. Ya ƙara da cewa kada a kawo masa takarda cike da lambobi, idonsa ya gaji. Sai na yi caraf na ce a bar mini. Wa ya aike ni? Babu kowa, rawar kai ce kawai.

A manhajar da muke haɗa rahoto akwai wata dabara: ka kafa wa jadawali doka, ita kuma ta shafa wa kowane gida launi gwargwadon lambar da ke ciki. Na yi wa layin kwandunan da aka sayar tasa dokar: mai yawa kore, matsakaici rawaya, kaɗan ja. Abin ya yi kyau. Da na zo layin kwandunan da suka ruɓe, sai ƙyuya ta kama ni, na kwafi dokar nan na manna. Sokodé ta yi kore shar, Dapaong ta yi ja wur. Na san mun yi asara, amma na ɗauka ta kowa ta fi tawa, ga shi kuma launi ya ba ni gaskiya. Lambobin ko kallo ba su ishe ni ba.

Ranar taro na sha sabuwar shadda, na haska jadawalin a bango.

"Alhaji, ba sai na ja zance ba," na ce. "Kore lafiya, ja matsala."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai da na ƙara da cewa zamanin littafi da biro ya wuce. Mutumin Adjengré da na Langabou suka yi ta gyaɗa kai, munafukai, don su rawaya suka samu.

Alhaji ya juya ya dubi Hajiya. "Haba Hajiya, shekara nawa muna tare, ki yi mini haka?"

Baiwar Allah nan tun asuba ta taso daga Dapaong. Sai ta miƙe. Ta sa tabarau, ta taka har jikin bango, ta ɗora yatsa a kan jan gidan nan.

"Alhaji, ni ban san ordinate ba, kwamfutar nan taku. Amma wannan uku ne, ko? Kwando uku ya lalace a wajena." Sai ta matsar da yatsa sama. "Ƙanena, karanta mana naka, mai koren nan."

Na duba. Na sake dubawa. Arba'in da ɗaya.

Na fi kowa ruɓar da kaya, manhaja kuma ta yi mini ado da kore don haka na umarce ta: mai yawa kore. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Na'urar da ke ja mini layi in na rubuta kalma ba daidai ba, ta kasa tambayata, "Malam, ka tabbata?" Ta bar ni na tsaya gaban mutane ina tallan asarata da bakina. Na buɗe baki zan ce kuskuren kwamfuta ne, Alhaji ya ɗaga mini hannu.

"Kwamfuta ce ta ruɓar da kwando arba'in?"

Hajiya ta koma kujerarta, ta cire tabarau. "A yi masa haƙuri, Alhaji. Amma ni tun da nake sana'ar tumatir ban taɓa ganin inda kore ya fi ja daraja ba."

Mutanen nan biyu da suka gama gyaɗa mini kai, su suka fi kowa ƙyaƙyatawa. Wallahi ban yafe musu ba.

Yau watana huɗu a Nano. Dapaong ce kusa da mu, don haka Hajiya nake kai wa kaya, ita ke duba su ta rubuta a littafin nan da nake wa dariya. Na koyi karanta lamba kafin in yaba launi, na kuma koyi tambayar kaina ko yawan abu alheri ne. Kuma duk kwandon da zan kai mata, sai na zazzage shi har ƙasa na tsince kore, don na san da ta ga ɗaya za ta ɗaga shi sama ta ce, "Ƙanena, ga naka."