Rasuwar Shaho, Jirgin Malam Badamasi na Dugabau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka gaji da tsuguno, Malam Badamasi na Dugabau yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna dariya ta bayan danga, rasuwar jirgin samansa, wanda ya raɗa wa suna Shaho, mutanen gari kuma suke kira Jimina. Ya rasu a daren Alhamis da ta wuce, a rumfarsa ta bayan gida, bai taɓa rabuwa da ƙasa ba ko da taƙi ɗaya.

A daren, mai shi ya ji wani sauti da bai taɓa jin irinsa ba. Da farko bum, bum, a hankali, kamar ana taɓa ganga da yatsa. Sai wani dogon fiiir, kamar mai shago yana yaga yadi. Malam Badamasi yana kwance ya ce a ransa, iska ce ta shiga ƙarƙashin fikafikan, Shaho ne yake gwada kansa. Bai tashi ba. Gwiwa ta hana, kuma ba ya son ya je ya tarar ba haka ba ne. Ya koma barci yana murmushi.

Ba a san ranar haihuwar marigayi ba. An dai ce wani Bature mai aikin madatsar ruwa ne ya sa aka aiko masa da shi daga ƙasarsu, gunduwa-gunduwa a akwatunan katako, irin wanda mutum yake haɗa abinsa a gida. Ya haɗa gangar jiki da fiffike ɗaya, aikinsa ya ƙare, ya tafi ya bar shi maraya. Marigayi ya yi shekaru a wani kango, har ya faɗa hannun 'yan gwangwan a Gwarzo. A can Malam Badamasi ya gan shi ranar kasuwa, a jingine, yana jiran a ɗora shi a sikeli. Igiya ya je saya, ya dawo da jirgi a amalanke. Matarsa Barira ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi kayan, ta dube shi, ta ce, "Malam, igiyar fa?"

Marigayi mai haƙuri ne. Shekara goma sha wani abu ana kankare masa tsatsa da yashi da tsumma, bai taɓa ƙorafi ba. Ba shi da zaɓe, abin da aka ba shi yake karɓa: tayoyin baro, kujerar roba da aka yanke wa ƙafafu, injin ban ruwa da ya gama wahalarsa a fadama, da farfela wadda masassaƙin turmi ya fitar daga icen maɗaci. Haƙarƙarin fiffike na biyu kuwa, mai shi ya kwaikwaya daga na farko ɗaya bayan ɗaya, da karatunsa na aji huɗu da zanen da ya zo a cikin akwati, wanda gara ta riga shi karanta rabi.

Ba mai yawan magana ba ne. In an ja masa igiya yakan ce tuf, tuf, sai ya yi shiru yana tunani. Ranar da yake cikin nishaɗi yakan ce tuf-tuf-tuf-turrr, farfela ta juya, kaji su watse. A irin wannan rana ce zanen Barira ya bar igiyar shanya ya sauka a gidan maƙwabta. Shi ne kaɗai abin da marigayi ya taɓa ɗagawa sama, kuma mai shi yana lissafa shi cikin nasarori.

Amma babban alherinsa, wanda ba kowa ya sani ba, shi ne ya tsaya wa mai shi. Taufiq, ɗan Malam da ke aiki a Kano, ya daɗe da gyara wa iyayensa ɗaki a saman bene. Malam ya taɓa kwana a ɗakin. Tagarsa bangon wani gida take kallo, ba a ganin sama sai an leƙa da wuya a karkace, kuma mutum ya wuni ba wanda ya ce masa sannu da aiki, don ba aikin. Kowace salla Taufiq yakan durƙusa ya ce, "Baba, ku tattara mu tafi mana. Ga asibiti kusa, ga famfo." Malam yakan ce, "Sai na gama jirgi." Da abin ya yi yawa, yaron ya ce, "To Baba, na ji. Amma ranar da maganar jirgin nan ta ƙare, ko ta sama ko ta ƙasa, zan zo da mota." Malam ya amsa a gaban Barira. Masu cewa tun daga ranar aikin ya rage sauri, Allah ya yafe musu.

Ciwon ajali ya faro ne daga sutura. Fiffike sai an lulluɓe shi da yadi, a shafa masa wani ruwa da ke sa shi ya ɗame. Gwangwanin ruwan da ya zo da akwati ya daɗe da daskarewa ya zama dutse. Malam ya zauna ya yi tunani: a garin nan wa ya fi sanin yadda ake sa yadi ya tsaya ƙyam? Sai ya nufi wurin Dalhatu mai wanki da guga. Dalhatu ya ce, "Haba Malam! Ni da nake sa babbar riga ta tsaya da kanta ba kowa a ciki? Kawo alawayyo kawai." Suka dama sitacin rogo mai kauri, suka zuba ƙaro, suka barbaɗa gishiri don kada ya yi fumfuna. Suka shafa, ya bushe, suka ƙara, ya bushe, suka kuma ƙarawa. Da Malam ya ƙwanƙwasa da yatsa, fiffike ya amsa, bum. Tun da aka kawo marigayi gidan nan bai taɓa yin kyau kamar makon nan ba, fari fat, kamar ango. Ba wanda ya tuna cewa bazara ce, ciyawa ta ƙare, kuma abin da suka shafa, a hancin dabba mai jin yunwa, tuwo ne da gishirinsa.

Shanun huɗa biyu na maƙwabcinsa Altine ne suka keta danga. Suka lasa, suka ci, suka jingina. Babban katakon da ke riƙe da kowane fiffike, wanda babu irin icensa a ƙasar nan, ya karye a duka ɓangarorin. Da safe Malam ya tarar da ɗaya daga cikin shanun a kwance a gefen marigayi yana tuƙa, ƙyallen alawayyo yana reto a bakinsa. Altine ya zo ba ko takalmi. Ya ce, "Malam, tun kakana muke kiwo, wallahi ban taɓa jin sa ya ci jirgi ba. Duk hukuncin da ka yanke na ɗauka." Malam ya ce babu komai, yunwa ce, a dai kula kada ƙyallen ya ɗaure wa dabba ciki. Sa'an nan ya tsuguna ya shafa wurin karayar. Idonsa ya riga ya yi yana. Ya san ba shi da wasu shekaru goma da zai ba wani fiffike.

Marigayi ya rasu ya bar farfela lafiya lau, da tayoyi biyu, ɗaya ba iska, da inji mai tari, da gwangwanin kusoshi waɗanda har yau ba a gano wurinsu ba, da wata kaza da ta ƙyanƙyashe sau uku a ƙarƙashin kujerar matuƙi. Ya kuma bar tsoho ɗaya wanda bai san inda zai sa hannuwansa ba bayan sallar asuba.

Duk wanda marigayi ya taɓa razana wa jaki, ko ya tayar masa da jariri daga barci, ana roƙon ya yafe.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, saboda haka 'yan gwangwan ne za su ɗauki gawa, su mayar da ita Gwarzo inda aka samo ta. Katakon, Barira ta nema don murhu, an ba ta, da sharaɗin kada ta hura shi mai shi yana gida. Farfela ba za ta bi gawa ba. Ana karɓar gaisuwa a gindin darbejiyar ƙofar gida, kuma wanda ya zo da "ai mun faɗa maka" ya bar ta a waje tare da takalmansa.

An sanar da Taufiq. Ya yi wa mahaifinsa ta'aziyya cikin ladabi, ya ce shi ma Asabar ɗin yana tafe, kuma ya aro mota mai buɗaɗɗen baya.

Jiya da yamma Altine ya zo gaisuwa karo na uku. Ya zauna a bakin tabarma yana kallon farfela a jingine da bango. Can ya gyara murya ya ce, "Malam, tun da ita wannan ba abin da ya same ta, ba za a iya ce wa yaron nan har yanzu da sauran aiki ba?"

A tsakar gida, Barira ta ci gaba da ɗaure kwanuka a cikin zane.