Jigidar Anini

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar da anini ke yi a kan sabon daɓe ba. Guda ɗaya idan ya faɗi, ƙararsa 'yar siririya ce, har da daɗin ji. Amma idan sun fi tamanin suka zube gaba ɗaya daga ƙarƙashin zanenki, a gaban malaminki da mahaifinki da limamin unguwa, to wannan ƙara ba ta barin kunne.

Bari in faro daga farko. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin. Nasara ba su daɗe da shata iyaka tsakanin Illelarmu da Ƙonni ba, kuɗin wuri suna ta ja baya a kasuwa, kuɗin ƙarfe suna shigowa. Tsofaffi suna ta ƙorafi, ni kuwa abu ɗaya na lura da shi: anini da kwabo duk suna da huda a tsakiya. Abin da ke da huda kuwa ana iya zura masa zare.

Akuya nake so. Ba kowace akuya ba, jar akuya 'yar budurwa mai sheƙi, irin wadda majema ke bin fatarta da kallo tun tana raye. Duk Lahadi idan Inna ta aike ni kasuwa sai na ratsa ta wajen dabbobi, in tsaya bayan wani turke kamar mai jiran wani, in kasa kunne. Ban taɓa tambayar farashi da bakina ba (ni da ko gaisuwa sai an ce in maimaita), amma a tsayen nan na gane cewa sule biyu za su ishe ni. Na kuma ƙudura ba wanda zai sani sai ranar da na shigo gida riƙe da igiya.

Yadda na tara su, gaskiya har yau ina alfahari. A makarantar allonmu, idan an tashi da hantsi, akwai wata tsohuwa mai ƙosai a bakin zaure. Ƙawata Hajo kullum sai ta kashe aninin da aka ba ta a can, ta zo tana ci a gefena, mai yana naso a yatsunta. Ni kuwa ƙanzon tuwon jiya nake jiƙawa tun asuba, in barbaɗa masa ƙuli, in ƙulle a ganye. Ina ci ina shaƙar ƙamshin ƙosanta, wanda shi dai kyauta ne.

"Ke wagga, mi kika yi da aninin ki?" in ji Hajo. "Ko binne su kika yi su tsiro?"

Sai in yi murmushi in sunkuyar da kai. Amfanin kunya ke nan, ba a tsammanin amsa daga gare ki.

Bayan haka ina tsintar bagaruwa a hanyar Amarawa in kai wa majema. Ina taya Kaka kaɗi, duk mazari uku ta bar mini ɗaya in sayar. Kuɗin barka da salla kuwa ko alewa ba su gani ba. Na kuma gane cewa mai gishirin da ke zuwa daga Ƙonni yakan cika ludayi ya yi tozo idan rana ta yi sanyi yana son komawa gida, don haka aiken gishiri sai la'asar nake zuwa. Inna ta ce ragowar kuɗin da na tsira da ita tawa ce.

Matsalar ita ce wurin ajiya. Yara suna sayen asusun laka, amma ni na zauna na yi tunani: in ba da kuɗi in sayi tukunya don kawai in fasa ta? Ban ga hikima a ciki ba. Mai canji na gindin tsamiya zai iya mayar mini da su azurfa biyu ƙanana in ƙulle a bakin zane, sai dai yana cire ladansa, kuma sule ba shi da huda. Baduku yana sayar da igiyar fata mai ƙarfi anini biyu. Na je har rumfarsa, na taɓa igiyar, na ja ta, na ajiye. Anini biyu! Ni da ke kaɗa zare da hannuna?

Sai na murɗa zarena riɓi uku, na zura kuɗina, na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane, kamar jigida. Tsakanin kowane biyar na sa ɗan tsumma don kada su yi ƙara. Da suka yi nauyi, dole na koma tafiya a hankali, ba gudu, ba tsalle, ko 'yar gala-gala na daina. Inna ta yi ta yabona wajen maƙwabta.

"Ku dubi ɗiyata yadda tan natsu," take cewa. "Tahiya awa ta manya."

(Allah Ya yafe mini, na karɓi yabon nan ban ce komai ba.)

Abin da ban lissafa ba shi ne zufar bazara da gefen ƙarfe. Wata tara zaren yana shan gumi, kuɗi suna goga shi dare da rana. Na ga ya fara furfura a wuri ɗaya. Na ce ai saura kwana kaɗan, ya daure.

Ranar Laraba kuɗina suka cika sule biyu cif. Ranar Alhamis aka sa za a yi sadakar kaiwata izu biyar. A makarantarmu, mai sadaka yakan durƙusa a gaban Malam da sabon rubutu a allo, Malam ya biya, shi ya maimaita, manya su yi addu'a, sannan a raba masar sadaka. Saboda baƙi, matar Malam ta sake daɓe zauren, ta shafe shi da makuba har yana ɗaukar ido. Na lura da kyansa da na shiga. Ban san don ni aka gyara shi ba.

Akwai kuma wani kuskure. Da safe Inna tana suyar masar sadaka, duk wadda ta fashe sai ta miƙo mini. Wata tara ina cin ƙanzo, yau ga masa kyauta. Ban ƙirga ba, amma da na miƙe na ji jigidata ta kama ni sosai.

Na durƙusa. Malam yana kan buzunsa, Baba yana dama da shi, Liman tsoho yana hagu da carbinsa, yara sun cika bango. Malam ya biya, na maimaita. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Ɗaukaka murya, ɗiyata, ba mu jiya," in ji Malam.

Na sake. Baba ya yi gyaran murya irin wadda na sani.

"Yau rana taki ta," Malam ya ce. "Cika ciki da iska, ki buɗe baki."

Ni mai biyayya ce. Na ja numfashi iya ƙarfina, cikina ya taso, sai na ji wani ɗan tsit a ƙuguna.

Daga nan sai ruwan kuɗi. Suka zubo ta ƙasan zanena, suka bugi daɓen nan mai santsi, suka kama gudu a kan gefensu. Wasu suka nufi ƙofa, wasu suka shige tsakanin alluna, wani kwabo ya yi ta juyi a gaban Malam kamar ba zai taɓa kwanciya ba. Na matse gwiwoyina don in tare saura, sai suka ƙara ɓullowa ta baya, tare da tsummokaran. Sai muryar Hajo daga bango:

"La ilaha! Ta haihi kuɗɗi!"

Dariyar da aka yi, ina jin har a Ƙonni an ji ta. Malam ya ɗaga bulala, amma kafaɗunsa suna rawa. Ni dai na rufe fuska da allo, tawadar da ba ta gama bushewa ba ta manne mini a goshi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba fatauci yake yi tsakanin nan da Ƙonni, kuma jakar fatar da yake zuba canji tana rataye a ɗakin Inna, inda nake shara kullum. Da yara suka tattara kuɗin a bakin buzun Malam, ya dubi tulin, ya dube ni.

"Kuɗɗin wa na?"

"Nawa na, Baba."

"Naki? Ina kis same su?"

A nan na gane ba akuya kaɗai ke shirin kuɓuce mini ba. Idan na yi shiru kamar yadda na saba, za a tashi daga zauren nan ana cewa 'yar gidanmu mai ɗan hannu ce. 

"Bari ta hwaɗi da bakinta," in ji Liman.

Na sauke allon. Na matsa na ɗauki wani kwabo mai baƙin tabo. "Wanga na majema na, hannunsu duk jima ta, shi as sa yay yi baƙi." Na ɗauki wasu aninai biyar masu maiƙo. "Waɗanga ragowar gishiri na, mai gishiri yana taɓa man shanu." Na nuna mai lanƙwasa, na ce Kawu ya ba ni da ƙaramar salla, ya ce jakinsa ya taka shi. Na nuna na zare, na nuna na ƙosan da ban ci ba. Ban san muryata ta fito ba sai da na ji tana dawowa daga bango. Tun da aka haife ni ban taɓa yin magana mai tsawon haka ba.

Baba ya daɗe yana shafa gemu. "Mi za ki yi da su?"

"Akuya. Ja. Ran Lahadi."

"Wata tara ba ta ci ƙosai ba, Baba," Hajo ta tsoma baki. "Ni shaida ta, nawa taka shaƙa."

Wannan karon har Baba ya dara. Da na tsaya nan, da an tashi lafiya. Amma ina jera kuɗin a kan buzu sai na ga babu na farko, wani tsohon anini fari mara nauyi da Kaka ta ba ni. In babu shi, sule biyu ba su cika ba. Kuma na ga inda ya gangara. Ko da fuskata ke bayan allo, idona yana ƙasa.

"Saura guda," na ce.

"To, a duba waje," in ji Malam.

"Ba waje yat tahi ba." Na juya wajen Liman. "Allah gafarta Malam Liman, ko za ka ɗaga ƙahwakka ta hagu?"

Baba ya ce, "Ke!" Malam ya rufe baki da hannun riga. Liman ya dube ni, ya ɗaga ƙafar a hankali. Ga aninina kwance, har ya yi shati a daɓe.

"Tun ɗazu ni ka jin sanyinai," in ji shi. "So nika yi in gani ko an san da shi." Ya juya ga Baba. "Wadda tas san inda anini guda yaɓ ɓace ba ta taɓa jakar kowa. In ni na kai, ita za ni ba ajiya."

Aka yi addu'a, aka raba masa. Ni ban ci ba, dalili kuwa kun sani.

Har yau a makaranta 'Yar Anini ake kirana, kuma idan na durƙusa gaban Malam sai yaran gaba su janye ƙafafunsu. Na daina jin haushi. Akuyata ta haihu sau biyu, Hajo kuma yanzu ƙanzo take kawowa.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan sadakar nan, Baba da kansa ya raka ni kasuwa, ya tsaya a gefe, ya bar ni na yi ciniki da bakina har na rage anini huɗu. Da mai akuyar ya miƙo ta da wani ruɓaɓɓen ragga a wuya, na ce ya riƙe mini ita tukuna. Na wuce rumfar masu igiya, na zaɓi wadda ta fi kowace kauri, na biya abin da aka faɗa ban nemi ragi ba. A rage ƙosai, a rage alewa, a rage duk abin da za a rage. Amma abin da zai riƙe miki dukiya, wannan kam a saye shi da tsada.