Mu Shida a Bencin Mutum Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kusa jawo wa makarantarmu asarar azuzuwa biyu ba. Ni ɗin nan, da ko gaisuwa nake yi sai an ce in ɗaga murya.

Muna aji shida a lokacin, a wata firamare ta ƙaramar hukuma a nan Tudun Wada. Babana ma a nan ya yi karatu, kuma ya ce a zamaninsu bayan katangar makarantar gonar dawa ce. Ni dai da na buɗe ido ban ga gona ba. Gidaje ne manne da juna, mai ɗaki uku ya yanka ya mai da su shida ya zuba 'yan haya. Kowane sabon zango sai an ga sababbin fuskoki a ƙofar ofishin hedimasta, wasu an yi wa iyayensu canjin wurin aiki, wasu sun taso daga ƙauye. Mutane na ta ƙaruwa, azuzuwa kuwa suna nan yadda Baba ya bar su. Malama Hadiza, malamar ajinmu, har ta daina kiran suna da safe, don kafin ta kai ƙarshe an kusa fita tara.

Bencinmu na mutum uku ne, amma mu shida muke zama. Abin da dabara: ɗaya ta matsa gaba, ta kusa da ita ta ja baya, a haka har ƙarshe. Jummai aka ba ƙarshen hagu saboda bahaguwa ce, in tana tsakiya ba mai iya rubutu. Ni ina ɗaya ƙarshen, wajen taga, rabin jikina a kan katako, rabi a kan ƙafata. Kuma kowa ya san wadda ta tashi, wurinta ya tafi. Ba mugunta ba ce. Tana miƙewa sauran biyar za su ja numfashi su saki jiki, benci ya cika kamar ba a taɓa yin ta ba. (Na sha matse fitsari har a tashi saboda haka. Wannan tsakanina da ku ne.)

Wata rana a taron safe hedimasta ya ce manya za su zo daga ƙaramar hukuma. Kuɗin da ke hannunsu a shekarar, in ji shi, ba zai wuce na azuzuwa biyu ba, ga shi makarantu da yawa na nema, har da wata a Dutsen Abba. Za su zagaya su gani da idonsu. Inda matsi ya fi yawa, can za a sauke bulo.

Muna komawa aji Malama Hadiza ta ja mana kunne.

"Wannan karon ban da ɓoye-ɓoye. In sun shigo kada wanda ya miƙe, ku gaishe su daga zaune, su ga irin zaman da kuke yi. Jummai, ke ce mai baki, ke za ki yi bayani."

Na ji daɗi har cikin raina. Jummai ko gaban soja za ta yi magana. Ni nawa kallo ne.

Ranar suka zo su uku. Babbansu wani Alhaji ne gajere mai farar riga, tawadar biro ta ɓata masa bakin aljihu, hannun tabaransa ɗaya da zare aka ɗaure shi. Muka gaishe su daga zaune. Jummai ta ɗaga hannu sama kamar za ta taɓo rufi. Ya dube ta ya yi murmushi.

"Masu ɗaga hannu an riga an koya musu abin faɗa," in ji shi.

Ya zagayo ta wajen taga. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalminsa, ina lura da cewa ya taka kwatar bakin ƙofar makaranta. Sai takalmin ya tsaya a gabana.

"Ke 'yata, tashi."

Na miƙe, na ɗan durƙusa. "Ina kwana, ranka ya daɗe."

"Lafiya lau. Ya karatu?"

"Alhamdulillahi."

"Madalla. To gaya mini gaskiya, ya zaman ajin nan? Kuna takura?"

Sai ku fahimce ni. A gidanmu, ko tuwo bai isa ba, in babba ya tambaya cewa ake an ƙoshi. Inna ba ta yarda a kai wa baƙo kuka. Da haka na girma, kuma tsoro ya share duk abin da Malama ta faɗa. Kafin kaina ya yi tunani, bakina ya riga ya gama aiki.

"A'a, ranka ya daɗe, babu komai. Muna zaune lafiya lau. Wuri ya ishe mu."

Ajin da ko a jarrabawa ba ya yin shiru ya yi tsit. Hedimasta ya cire hula ya duba cikinta. Malama Hadiza ta rufe ido. Daga bayan aji wani ya ce, "Shi ke nan, ta kashe mu."

Alhajin ya juya wajen abokan tafiyarsa.

"To kun ji. Mu sauƙi ne a wajenmu. Abin da ke shigowa daga kasuwa da tasha, kafin a kwashe shara a gyara rijiyoyin burtsatse ya ƙare, mutane kuma kullum sauka suke yi. Can inda muka baro har kuka aka yi mana. Nan kuwa wuri ya ishe su." Ya dube ni. "Zauna, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Na juya zan zauna. Babu wuri. Benci ya cika taf da mutum biyar, kowacce ta baje. Safiya, wadda ke kusa da ni, ta harare ni ta ƙasan ido.

"Ba kin ce wuri ya ishe ki ba? Nemi."

Idon aji duka a kaina, manya uku na jira, ni kuma babu abin da nake so a duniya irin in ɓace. Sai na rufe ido, na sa ƙugu a ɗan gefen katakon da ya rage, na danna da iya ƙarfina. Safiya ta matsa, ta kusa da ita ta matsa, abin ya yi ta tafiya har ƙarshe. Jummai, da ma ta leƙo waje tana zare mini ido, sai ji muka yi tim! Ta zube a gaban ɗaya daga cikin baƙin, littafi gefe, takalmi gefe.

"Wallahi sai na rama!" Ta miƙe tana kakkaɓe hijabi. "Ranka ya daɗe, ka gani ko? Kullum haka muke. In ɗaya ta shiga, sai ɗaya ta fita!"

Aji ya fashe da dariya. Alhajin ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido.

"Yanzu wa zan yarda da shi, bakin yarinyar nan ko ƙugunta?"

Ya sa mu shida muka miƙe, muka sake zama a gabansa, wannan gaba, waccan baya. Ya daɗe yana kallo, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Daga nan suka fita.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Sunana ya koma "Wuri-ya-ishe-mu", har 'yan aji ɗaya sun iya. Malama Hadiza ba ta dake ni ba, cewa kawai ta yi, "Ke kam Allah ya shirye ki," kuma da dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Da na ba Inna labari sai da ta ajiye muciya don dariya.

"Ke ma dai! Ai wannan ba baƙo ba ne, harajin shagon babanki wajensu yake zuwa. Likita da hukuma ba a yi musu kara."

Kullum ina zaune ina leƙen ƙofar makaranta ta taga. Wata safiya ana cikin darasin lissafi, sai ga tifa tana shigowa da baya, ta juye yashi kusa da bishiyar darbejiya. Ban san lokacin da na ce "Alhamdulillahi!" da ƙarfi ba, har Malama ta juyo. Ranar ce aji ya fara jin ainihin muryata. Jummai ta leƙo daga can ƙarshe.

"Ki gode wa Allah, ki gode wa bayana. Har yau ciwo yake."

Ba mu zauna a sababbin azuzuwan ba, don kafin a sa rufi mun wuce sakandare. Ƙanwata Ummi ce a ciki yanzu, kuma ta ce sun riga sun kai biyar a benci. Na gaya mata in manya suka sake zuwa ta ce Alhamdulillahi, don ladabi ba ya ƙarewa, sai dai ta daure ta ƙara da "amma".

Ni kaina har yanzu koyon wannan "amma" ɗin nake yi. Kwanan baya zazzaɓi ya kwantar da ni, likita ya ce ya jiki, na ce masa da sauƙi sosai, alhali Inna ce ke riƙe da ni kada in faɗi.