Ranar da Aka Hana Ilu Hanya

A wani ƙauye na ƙasar Turai, a gindin duwatsun da dusar ƙanƙara ke lulluɓewa, akwai gidan wasu Hausawa: Sabi'u, da matarsa Indo, da ƙanenta Ilu. Ilu babban mutum ne har da gemu, tsohon makiyayin raƙuma, amma abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Sabi'u yana aiki a shagon wata dattijuwa, Madam Gireta, mai ba da hayar allunan zamiya, dogayen nan da ake ɗaurawa a ƙafa a sulalo daga kan dutse. Shi ya tsaya wa Ilu aka ɗauke shi, bisa sharaɗin in ya yi ɓarna su biyun za su kama gabansu. Ga shi kuwa aikin nan shi ne cinsu, shi ne shansu.

Wata rana Sabi'u ya miƙa wa Ilu siraran alluna masu tsukakken ƙugu. Ya ce na daɓaɓɓiyar hanyar zamiya ne, kaifin gefensu ke kama ƙanƙara a sha kwana, don haka ya wasa su sai sun iya aski. Da masu haya suka iso, sai ga Ilu a bakin ƙofa, kai duk kumfa, ya rungumi allon da ya fi shi tsawo yana kankare ƙeya. Ya ce, "Yaya, wannan ya yi. Sauran sai gashi ya tsiro." Madam ta yi kamar ba ta gani ba.

Wata rana aka hau da shi ƙolin dutse don ya koya. Ilu ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa, duniya fari fat har iyakar gani, sai tasbihi yake yi, hawaye na daskarewa a gemunsa. Sabi'u ya ce duk abin da ya ga ya yi, shi ma ya yi. Sai Sabi'u ya gangara yana karkata dama da hagu, allunan na zana siraran layuka biyu a bayansa, gwanin sha'awa. Tsautsayi ya sa ya faɗi. Ilu ya taho tiryan-tiryan, ya auna daidai wurin, ya faɗa masa a ka. Madam ta ce saura kuskure ɗaya.

Wata rana aka wayi gari sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba har ƙugu. Aka aiki Ilu bukkar kan dutse ya sauko da wasu faffaɗan alluna. Sabi'u, don tsoron kora, ya zaunar da shi. Ya ce siraran allunan nan tamkar kofaton jaki ne, sai ƙasa mai tauri. Faffaɗan kuwa tafin raƙumi ne, ba sa nutsewa a laushi, amma a kan hanya ba sa jin linzami. Ya ƙara da cewa, "In suna ƙafarka, kada ka taka hanya." Nufinsa ya saɓo su a kafaɗa ya biyo motar da ke rataye a waya, mai kai mutane kan dutse ta sauko da su.

Ilu dai ya ɗaura su a ƙafa, ya juya wa hanya baya, ya faɗa cikin itatuwa. Allah mai iko, maimakon ya nutse sai ya ji yana yawo a kan dusar, shiru ko'ina, tana tashi tana wuce kafaɗunsa. Bai taɓa jin daɗi irin wannan ba. Can cikin wani kwari ya hangi hannu yana motsi. Ashe Madam ce: siraran allunanta sun kwashe ta a kwana, sun nutse da ita har ƙirji, ƙafa ta karye, masu nemanta kuma duk suna can kan hanya.

Ya tono ta, ya goya ta, ya kawo ta dab da hanya. Nan ya toge, ko taku ɗaya ya ƙi ƙarawa, yana ta kwarara kira irin na makiyaya har aka zo.

A asibiti Madam ta riƙe hannunsa, ta ce aiki nasu ne muddin tana raye. Sannan ta sa Sabi'u ya tambaye shi wa ya turo shi kwarin da ba mai bi.

Ilu ya sosa rabin askinsa, ya ce, "Ba wanda ya turo ni, Yaya. Kai ka hana ni hanya."