Kujerata Mai Naɗewa Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai nauyi, da ƙugun da har yanzu ake gasa mini da ruwan zafi, nake sanar da 'yan uwa na guruf ɗinmu na masu kallon tsuntsaye rasuwar kujerata mai naɗewa. Ta cika ranar Asabar da hantsi a bakin tafkin bayan masana'antar bulo, tana da shekara tara a hidima.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Kilo casa'in da huɗu take ɗauka tun daga fitowar rana har ta take, ba ta taɓa kai ƙarata ko'ina ba. Tare muka ƙirga balbelu, tare muka yi gadin sheƙar zalɓe mako uku, tare muka sha ruwan sama ranar da na rantse na ga dinya, babbar agwagwar ruwan nan, ashe baƙar leda ce. Ba ta yi mini dariya ba. Maiɗakina ce ta yi.

Kun san ni a guruf ɗin nan. Ban iya hoto ba, idona ba na kirki ba ne, sau biyu ina kiran kurciya hasbiya a gaban jama'a. Abu ɗaya ya sa ake tashi a ba ni hannu: tsuntsun nan da ba wanda ya taɓa jin kukansa sai ni. Shekara huɗu ina turo muku muryarsa. Tsiiik-kirrr. Ya yi shiru, sai na karkata hagu zan leƙa cikin ciyawa, ya sake: tsiiik-kirrr. Kuka sa mini suna Mai Kunne, ni kuma na karɓa, har na fara gyara wa mutane bayani.

To jama'a, a nan ta'aziyyar ta yi nauyi. Ranar Asabar ya yi kukan da bai taɓa yin irinsa ba, kusa ƙwarai, kamar a aljihuna. Na karkata, ya ƙara. Na ƙara karkata, sai ji na yi ƙarfe ya ce ƙas, na tsinci kaina a taɓo, ƙafafu a sama. Da na tashi na ɗauki marigayiyar zan naɗe ta, sai ta yi mini maganarta ta ƙarshe a hannuna, a hankali: tsiiik-kirrr.

Wallahi na fi minti goma a tsaye. Na buɗe ta, na naɗe. Na sake buɗewa. Babu wani tsuntsu, 'yan uwa. Ƙusar ƙafar hagu ce ta yi tsatsa.

Yanzu komai ya fito fili. Kun tuna bara da ya yi shiru mako biyar, na rubuto muku dogon bayani cewa ya yi ƙaura zuwa ƙasashen sanyi? Maiɗakina ce ta ɗiga wa kujerar man keken ɗinki, wai ƙararta na damunta in ina zaune a tsakar gida. Da man ya bushe na sanar da dawowarsa lafiya, kuka yi ta turo mini barka. Da na koma gida ranar Asabar na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini tun bara, sai ta ce ai ita ba ta san abin da nake turawa a waya ba, da ta sani da tuni ta kira 'yan uwana sun zo sun duba ni. Na garzaya da gawar wurin mai walda, ya juya ta sau biyu, ya ce in yi haƙuri, rai ya yi halinsa.

Ta rasu ta bar madubin hangen nesa mai ido ɗaya, da filas ɗin shayi da ba ya riƙe zafi, da littafin rubutu mai shaidar jin kuka sau ɗari biyu da goma sha huɗu, kowacce da kwanan wata da ƙarfe nawa. Ta kuma bar ni, da kunya.

Dariyarku zan iya ɗauka, na ma cancanta. Wanda ke hana ni cin abinci shi ne Baba mai gyaran agogo. Dattijon nan ba ya guruf, ba ya riƙe babbar waya, kunnensa kuma kullum ƙara nauyi yake. Shekara uku kenan duk Asabar sai ya rufe shago ya biyo ni tafki, yana dogara sanda, don ya ce yana so ya ji tsuntsun nan da kunnensa kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya. Ni kuma, saboda ladabi, da ya iso sai in miƙe in ba shi kujerar. Baba ba shi da nauyin kirki, ko motsi ba ta yi a ƙarƙashinsa. Haka za mu wuni shiru, a hanyar gida ya riƙa ba ni haƙuri, wai laifin kunnensa ne, wataƙila tsuntsun ya yi kuka shi ne bai ji ba. Ni kuwa sai in gyaɗa kai.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe a bakin tafki. Daga nan a miƙa ƙarafan ga mai jari-bola, yadin kuma maiɗakina ta riga ta yi masa wurin zama a matsayin tsumman goge murhu. Sakataren guruf ya zo da jerin tsuntsayenmu da jan biro, ni zan soke layin tsuntsun nan da hannuna. Wanda ke son a cire ni daga guruf ya yi wa Allah ya bari a gama binnewa. Kowa ya taho da abin zamansa.

Kada wanda ya riga ni zuwa wurin Baba da labarin nan, na roƙe ku. Ni zan ɗauko shi a babur da sassafe, in tsaya a hanya, in kashe injin, in faɗa masa da ƙarfi yadda zai ji cewa kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Marigayiyar dai ta huta. Mai addu'a ya yi mini.